Sarkin Gishirin Denholm da Shafi na Sha Ɗaya

A duk faɗin Ostireliya ta Kudu babu wanda ya san gishiri kamar Lyle Treloar. Shi ya faɗa mana haka, kuma ba mu taɓa kama shi da ƙarya ba, domin ba mu taɓa bincikawa ba.

Shekara talatin ke nan yana riƙe da sarautar Sarkin Gishirin Tafkin Denholm. Ba wanda ya naɗa shi. Ranar da ƙungiyarmu ta masu tseren mota ta fara sauka a bakin busasshen tafkin, shi kaɗai ya tuna ya zo da guduma, magana ta ƙare. Kafin wannan ranar injin wanki yake sayarwa a Port Augusta, amma hakan ba ya cikin tarihi. Na tabbata ba ya ciki, tunda ni nake rubuta tarihin.

Dogo ne, mai ƙirji a gaba. Fararen kaya yake sawa daga hula har takalmi, don haka idan ya tsaya a tsakiyar gishirin ba ka ganin komai sai wata jar fuska tana shawagi a iska. A gabansa direbobi suna ce masa Shugaba. A bayansa Kantu suke kiransa, wato kantun gishiri, wai don an ɗora shi ne kawai, ba ya motsi, kuma kowa sai ya lasa.

Aikinsa guda ne, amma babba. Kwana goma kafin makon tsere na watan Maris, sai ya taka zuwa tsakiyar fili, ya durƙusa, ya buga gudumar a ƙasa sau uku, ya kara kunne. Daga nan ya lashi kan gudumar, ya lumshe ido. Abin da ya ji shi ake aika wa mutane ɗari huɗu a faɗin ƙasa: ku zo, ko kada ku zo.

“Gishiri yana magana,” in ji shi. “Ba kowa yake yi wa ba. Ni ma sai da na yi shekara bakwai ina gaishe shi kafin ya amsa.”

A bayansa akwai wani gajeren mutum mai tabarau, ɗauke da abin huda ƙasa da tsinken awo. Wannan mutumin yana haƙa rami arba'in a tsawon mil tara, yana auna kaurin ɓawon gishirin, da zurfin ruwan da ke kwance a ƙarƙashinsa, yana rubutawa. Da yamma ya miƙa wa Shugaba takardar. Abin al'ajabi, kunnen Shugaba bai taɓa saɓa wa tsinken awon ba, musamman da yake sai ya karanta takardar yake tuna abin da gishirin ya ce masa.

Gajeren mutumin ni ne. Ilimin duwatsu na karanta a jami'a a Adelaide, na yi shekara ashirin da shida a ma'aikatar ma'adinai, shi ya sa ake ce mini Dakta. Na fara zuwa tafkin ne shekarar da ta biyo bayan rasuwar 'yarmu Bronwyn. Ana neman mai kula da agogon auna gudun motoci, wanda zai zauna shi kaɗai a cikin wata bukkar kwano mil huɗu daga kowa, inda ba mai leƙowa ya tambaye shi yaya gida. Aikin ya dace da ni. Shekara goma sha shida ban taɓa yin latti ba, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba.

Sai jawabin.

Safiyar farko ta kowane makon tsere ana tara direbobi a faɗa musu dokoki uku. A kakkaɓe wa mota jar ƙurar hanya kafin ta hau gishiri. A shimfiɗa tamfol a ƙarƙashinta don kada mai ya ɗiga. Kada kowa ya kauce wa layin da aka share, domin can gefe ɓawon ba shi da kauri, kuma lakar da ke ƙasa ba ta mayar da abin da ta karɓa. Maganar minti uku ce. Lyle ya ga bai kamata mutum ya yi gudu a kan abin da bai san asalinsa ba, sai ya nemi in rubuta masa 'yar shimfiɗa a kan labarin ƙasar da tarihinta. Shekarar farko shafi biyu ne. Ina gaya wa mutane cewa shi yake matsa mini in ƙara. Gaskiya ita ce bai taɓa cewa in ƙara ba. Ni nake kawowa, shi kuma bai taɓa ganin takardar da ta fi ƙarfin muryarsa ba.

Yakan hau bayan akori-kura, ya ɗaga gudumar sama, ya fara: “Ya ku ma'abota gudu! Kafin a yi mota, an yi gishiri. Kafin a yi gishiri, an yi ruwa. Kafin a yi ruwa...”

“An yi Lyle,” wani yakan ce daga baya, kowace shekara. Lyle yana ɗaukar wannan a matsayin amshi.

Daga nan ya bi da su ta cikin shekaru dubbai: yadda ƙasa ta lotsa tsakanin jajayen duwatsu, yadda ruwan sama ke gangarowa da gishiri daga tuddai ya rasa hanyar teku, ya kwanta, rana ta shanye shi. Tsawon kilomita ɗari da ashirin. Kaurin da ya wuce ƙugun mutum a kudu, ya koma kamar ɓawon burodi a arewa. Sai Baturen nan da ya iso da kwalekwale a kan keken shanu yana neman teku a tsakiyar ƙasa, ya tarar da gishiri, ya raɗa wa wurin sunan magatakardan gwamna, mutumin da bai taɓa barin teburinsa ba. Lyle yana girmama su biyun ƙwarai, don yana ganin kansa na uku. Mutanen da ƙasar take tasu tun asali, waɗanda kakanninsu suka riga kwalekwalen da shekaru dubbai, waɗanda kowace shekara sai mun nemi izininsu kafin mu taka, layi ɗaya da rabi suka samu. Ba Lyle ne ya rage musu ba. Ni ne. Ina bukatar wurin don laka.

Duk wannan lokacin direbobi suna tsaye cikin kayan kariya daga wuta, ƙudaje na shan idonsu, rana na dukansu ta sama, gishiri na mayar da ita ta ƙasa har cikin hanci. Ba wanda ya taɓa tafiya. Mu mutane ne da za su ja mota kwana uku don su yi gudun minti biyu, tsayuwar awa ɗaya ba ta ba mu tsoro.

Shekarar da nake ba da labarinta ƙungiyar ta cika talatin, jawabin kuma ya kai shafi goma sha takwas. A cikinsu akwai na sha ɗaya, wanda na yi wata huɗu ina gogewa. Da zan so in ce game da Bronwyn ne, da kowa ya yi mini uzuri. Ba game da ita ba ne. Game da baƙar lakar da ke ƙarƙashin gishirin ne, kuma ban taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba.

Shekarar ce kuma ta ƙarshe ga Glenys Radke.

Glenys makanikiya ce daga Toowoomba, shekararta sittin da takwas. Motarta da hannunta ta ƙera ta daga tankin man wani tsohon jirgin yaƙi, doguwa kamar kifi, a kwance take tuƙa ta. Ƙasar nan gaba ɗaya da kilomita take lissafi, amma a kan gishiri da mil muke yi, kuma duk wanda ya wuce mil ɗari biyu a awa ana ba shi wata jar hula. Hula ce ta yadi, irin wadda ake rabawa kyauta a gidan mai. Shekara goma sha huɗu Glenys tana binta. Ta yi ɗari da casa'in da bakwai. Ta yi ɗari da casa'in da takwas da ɗigo tara. Sannan hannunta na hagu ya fara rawa, likita ya sa mata hannu a takardar lafiya zuwa ƙarshen Maris, ya ce kada ta sake kawo masa. Ba takarda, ba gudu. Wannan makon ne ko babu.

Ranar Lahadi da la'asar, ana jibi... a'a, ana gobe za a fara, Noreen Haby mai gonar tumakin da muke kwana a rumfarta ta askin tumaki ta sauko daga ƙaramin jirgin da take duba rijiyoyinta da shi, ta nufo ni.

“Dakta, ruwanku na nan kwance a arewa. Kilomita ashirin da takwas daga ƙarshen layinku. Kuma iska za ta juyo da magariba.”

Ba sai an yi sama ba tafkin nan yake jiƙa. Ruwan da bai wuce gaɓar yatsa ba, idan iskar arewa ta samu bayansa, tafiya yake yi a kan gishiri kamar an kira shi, wajen kilomita biyu a awa. Na lissafa a bayan ambulan ɗin wasiƙa. Ƙarfe takwas na safe.

Na sami Lyle yana goge gudumarsa da tsumma. Ya saurare ni da haƙurin manya.

“Dakta, kai da alƙalami ka san tafkin nan, ni da kunne. Na buga jiya. Ya ce mini Lyle, makon nan naka ne. Shekara talatin ruwa bai taɓa katse ni ba.”

“Ya katse mu sau shida.”

“Ya katse tsere. Bai katse ni ba.”

Ya kuma sanar da ni cewa wani ɗan jarida zai zo daga Adelaide da mai ɗaukar hoto, don haka za a kashe duk wata oba-oba har a gama jawabi, kada ta riƙa kutse a lasifika. Na ce masa, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, ko za a ɗan rage jawabin.

“Wane shafi?” Ya miƙo mini.

Na duba su ɗaya bayan ɗaya, da zuciya ɗaya. Ban sami ko guda ba.

Glenys na same ta a ƙarƙashin motarta, ƙafafu kawai a waje. Na faɗa wa ƙafafun labarin ruwa. Ta turo kanta waje, ta zauna a kan tamfol tana goge hannu.

“Shafi nawa ka yi wa Kantu bana?”

“Sha takwas.”

“Kai, Dakta! Matarka ta san abin da kake yi da daddare?” Ta ɗauko takardar tsarin mako daga aljihu, ta buɗe ta a gwiwa. “Duba nan. Ana buɗe layi ƙarfe bakwai. Wa ya sa hannu?”

“Lyle.”

“An rubuta sai an gama wa'azi?”

“Ba a rubuta ba. Al'ada ce.”

“Dokokin nan uku na haddace su tun kana da gashi. Merv mai sakin motoci a bakin layi zai sake ni, ya ce in dai takarda ta yarda shi ma ya yarda. 'Yan kwana-kwana ma za su fi son zama a motarsu da tsayuwa a rana. Saura kai. Ba za a iya kunna agogon naka a bar shi ba?”

“Sai na danna idan mota ta taso. In aka bar shi a kunne, tsuntsun da ya fara gittawa shi zai ci hular.”

“To. Bakwai da kwata Merv zai sake ni, ba oba-oba, ba tambaya. Kana kan kujerarka?”

Na ji haushin tambayar. Na tuna mata shekara goma sha shida.

“Na sani, ɗan'uwa, kowa ya sani, har ƙudaje sun sani. Shi ya sa ban ce ka rantse ba.” Ta ɗaga hannun hagun ta dube shi yana ɗan kaɗawa. “Da safe ya fi ladabi. Gudu ɗaya kawai nake so daga gare shi.”

Ba ni da wani aiki a wurin jawabin. Ina so a fahimci wannan. Ba ni nake riƙe takarda ba, ba ni nake riƙe lasifika ba. Da na wuce bukkata tun da asuba, da na sha shayi na jira. Amma na sake ɗauko ambulan. Jawabi zai fara shida da rabi. Lyle yana cin shafi a minti biyu da rabi. Na sha ɗaya zai fara bakwai saura biyar, ya ƙare kafin bakwai. Daga nan zuwa bukka tafiyar minti goma ce. Ina da rarar minti bakwai da rabi. Lissafin ba shi da aibi. Abu ɗaya na manta ban sa a ciki ba, shi ne Lyle.

Safiyar Litinin ta zo da sanyi, gishiri ya yi tauri kamar daɓen siminti, iska kuma ta ɗan lafa a wajenmu, ko da yake tutocin nesa suna nuna tana nan tana aikinta. Irin safiyar da ake jira shekara biyar ce. Mai hoto ya nemi Shugaba ya maimaita bugun guduma. Ya maimaita. Ya nemi ya sake, rana tana bayansa. Ya sake. Shugaba da kansa ya ba da shawarar a ɗauki ɓangaren lasar daga kusa. Shida da minti talatin da takwas aka fara.

Na rage takwas daga bakwai da rabi, na ga na makara da rabin minti. Na ce ba komai, zan taka mota.

“Kafin a yi ruwa...”

“An yi Lyle.”

Ya tsaya ya yi murmushi don mai hoto ya samu. A shafi na uku ya gode wa ɗan jarida. A na biyar ya fita daga takarda ya bayyana cewa shi da gishiri halinsu ɗaya, ba a ganin amfaninsu sai an rasa su. Ƙarfe bakwai daidai ya shiga na takwas. Bakwai da minti biyar, wato lokacin ƙarshe da mai hankali zai tashi, ya shiga na goma. Shafi ɗaya ya rage tsakanina da lakata. Na gaya wa kaina cewa tafiyar minti goma ta masu tsoro ce, mutum zai iya yinta a bakwai.

A shafi na goma akwai layi ɗaya a kan ranar da ƙungiya ta fara zuwa. Lyle ya sauke takardar.

“'Yan'uwa, ba na son maganar kaina. Kun san ni. Amma tarihi ya tilasta. A wannan rana mutum goma sha ɗaya suka tsaya a bakin tafkin nan suna tsoron takawa. Ɗaya daga cikinsu ya fito. Ba zan faɗi sunansa ba.”

Bai faɗa ba. Ya dai kwatanta tsayinsa, da kayansa, da abin da ke hannunsa. Na dubi agogo. Bakwai da takwas. Na gaya wa kaina minti biyar ma za su isa, idan aka bar shafi na sha ɗaya a rabi. Rabin farko ne ma ya fi kyau. Leɓɓana sun riga sun fara karanta layin farko.

Bakwai da sha biyu Lyle ya gama da mutumin da ba zai faɗi sunansa ba. Ya lashi yatsa, ya juya takarda, ya cika ƙirji.

“A shekarar da aka kawo tumaki na farko...”

Wannan shafi na sha biyu ne. Raɓar gishiri ta manne takardun biyu, ya juya su tare. Bai lura ba. Mutum ɗari huɗu ba wanda ya lura. Na tsaya da baki a buɗe, kuma zan faɗi gaskiya tunda na fara: abin da ya fara zuwa mini ba Glenys ba ce. Hannu na ɗaga, don in gyara masa.

Sannan na ruga.

Ina kan hanyar gefe, tsakanin mil na ɗaya da na biyu, tsohuwar motata tana kakkarwa a iyakar ƙarfinta, na ji ƙarar ta taso a bayana. Merv mutum ne mai cika alkawari. Na duba madubi na ga ɗigo. Na dubi taga na ga ta wuce. Shekara goma sha shida ina ganin motoci suna wucewa ta gaban bukkata, na san yadda ɗari da casa'in take, na san yadda ɗari biyu take. Ban taɓa ganin motar Glenys ta tafi haka ba. Miƙe, ba tangaɗi, farin gari na tashi a bayanta, injin yana kuka ɗaya bai canza murya ba har ta shige cikin hasken. Duk duniya ni kaɗai na gani da kyau, kuma idona ba agogo ba ne, ba ya fitar da takardar shaida.

Na isa bukka bakwai da minti ashirin da ɗaya. Agogon yana nan lafiya lau, yana nuna sifiri huɗu.

Can mil na bakwai ta tsaya. Kafin a naɗe lemar da ke buɗewa a bayan mota ta rage mata gudu, injin ya huce, a ja motar a mayar da ita farkon layi, ana bukatar awa guda. Da na iso ta riga ta fito, tana zaune a kan tayar gaba, hular kwano a cinya, 'yan kwana-kwana biyu suna tsaye suna yi mata dariyar murna. Bayansu, daga arewa, wani siririn layi mai ƙyalli yana matsowa.

“Nawa?” ta ce tun ban rufe ƙofar mota ba.

Na sauko na rufe ƙofar. Ta dubi hannuna, ta ga ba takarda. 'Yan kwana-kwana suka tuna suna da abin dubawa a bayan motarsu.

“Allurar injina ta ce ɗari biyu da uku,” in ji ta, a hankali. “Amma allura ba shaida ba ce, ko?”

“Ba shaida ba ce.”

“Agogon ne ya lalace?”

Ta ba ni ƙofa, a buɗe. Da na ce e, da ba wanda zai taɓa sani. Amma ni mutum ne mai son daidai, kuma wannan ma wani nau'in girman kai ne.

“Lafiyarsa ƙalau. Ba na wurin.”

Ruwan ya taɓa tayar motarta takwas saura minti huɗu. A kan ruwa ban yi kuskure ba.

A lokacin ne farar motar Shugaba ta iso tana fantsama, da ɗan jarida a gefensa. Ya fito da gudumarsa, ya dubi ruwan da ke zagaye takalmansa kamar baƙon da ya shigo ba sallama. Aka faɗa masa abin da ya faru. Ya lumshe ido.

“Na ji ta. Ina tsakiyar tumaki na ji ta. Ɗari biyu da huɗu, kunnena ba ya ƙarya. Sai dai, Glenys, doka doka ce, ni na kafa ta, ba zan karya ta ba ko don 'yar'uwata. Ba takarda, ba hula.” Ya dafa kafaɗarta, ya juya ɓangaren mai hoto. “Amma zan ba ki abin da ya fi hula. Baɗi kina cikin jawabi. Dakta, ka ba ta layi biyu.”

“Na gode, ranka ya daɗe,” in ji Glenys. “Ka koma kan tudu kada ka narke.”

Ya tafi ya sanar da duniya cewa ya rufe tafkin, bisa shawarar da gishiri ya ba shi tun shekaranjiya.

Muka rage ni da ita. Ruwan ya kai idon sawu, sanyi ƙalau, ya shafe sawun tayarta, sama ta kwanta a cikinsa har ba ka sanin inda ƙasa ta ƙare. Hannun hagun ya dawo da rawarsa. Ta danne shi da na dama.

“Wane shafi ne?”

“Na sha ɗaya.”

“A kan me?”

“Laka.”

Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka faɗa wa sunan cutar da ta daɗe tana zargi.

“Ya karanta shi da kyau dai?”

“Bai karanta ba. Ya haɗa biyu ya juya.”

Ta dube ni. Ba ta yi dariya ba, ba ta zage ni ba, da ta yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi.

“Yana aljihunka, ko? Kada ka ce mini a'a, na ga kana taɓa wurin tun ɗazu. Fito da shi. Shekara goma sha huɗu na bayar, Dakta. Karanta mini in ji abin da aka ba ni.”

Na fito da shi. Na gyara tabarau. Ina tsaye cikin ruwa, a gaban mace ɗaya da motar da ba za ta sake gudu ba, na karanta mata yadda baƙar laka take kwance a ƙarƙashin farin gishiri tun kafin a ƙirga shekaru, tana ɗauke da nauyin kowa, ba ta taɓa ganin rana ba, ba ta taɓa neman a ambace ta ba. Muryata ta fara da rawa, amma wajen layi na shida ta daidaita, domin jimlolin suna da kyau, ba laifinsu ba ne. A ƙarshen sakin layi na biyu akwai 'yar alamar da na yi wa Lyle da jan biro, inda zai tsaya a tafa.

Da na iso wurin, na tsaya.